Ganin likita daga nesa a ƙaramin asibitin karkara: me za a tanada, kuma ina ake tuntuɓe?

Tambaya: Muna da ƙaramin asibiti a karkara. Ma'aikatan lafiya biyu ne da ungozoma ɗaya, babu likita. Babban asibiti tafiyar awa uku ce, sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, wutar lantarki kuwa babu ita. An ba mu shawarar kafa tsarin ganin likita ta waya ko ta bidiyo. Zai yi aiki a wuri irin namu? Me za mu tanada?

Zai yi aiki, amma sai kun fara zaɓar irin wanda ya dace da ku, domin tsarin iri biyu ne. Akwai wanda mara lafiya ke kiran likita da wayarsa daga gida. Akwai kuma wanda mara lafiya ke zuwa asibitinku, ma'aikacin lafiya ya duba shi, sannan shi ma'aikacin ya nemi likita. Na biyun shi ne naku. Likitan da ke cikin allo ba ya iya taɓa ciki, ba ya iya ƙirga numfashi da kansa, ba ya jin ɗumin goshin yaro. Duk abin da zai yanke hukunci a kai, hannun wani ne zai auno masa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta amince da duba marasa lafiya daga nesa ne a matsayin ƙari kan ganin ido da ido, ba don ya maye gurbinsa ba. Indiya ma da ta kafa tsarinta na eSanjeevani a ƙarshen 2019, da haɗa ƙananan cibiyoyin lafiya da likitocin manyan asibitoci ta fara. Sai a 2020, lokacin korona, aka buɗe wa marasa lafiya ƙofar kiran likita kai tsaye.

Abin ya daɗe, tun kafin intanet. A Ostireliya an fara aikin likitocin jirgin sama a 1928, shekara ɗaya bayan nan Alfred Traeger ya kai wa mazauna daji rediyon da ake murza wa feda da ƙafa don ta samu wuta. Abin lura a tarihinsu shi ne abubuwa biyu da suka ƙara daga baya. A 1942 aka raba wa gidaje masu nisa akwatunan magani iri ɗaya, kowane magani da lambarsa, ta yadda likita zai ce a ɗauki lamba kaza, ƙwaya kaza. A 1951 kuma aka fito da zanen jikin mutum mai lambobi, domin mara lafiya ya iya faɗin ainihin inda ke masa ciwo. Wato sun gane cewa jin muryar likita bai wadatar ba sai ɓangarorin biyu suna kallon abu ɗaya, kuma maganin da za a ambata yana nan kusa. A kan waɗannan biyun yawancin tsare-tsaren yau ke faɗuwa.

Ta fuskar sadarwa, kada ku gina tsarin a kan bidiyo. Kiran bidiyo mai kyau yana son kusan megabit ɗaya a daƙiƙa, kuma a duka ɓangarorin, aikawa da saukewa. A karkara aikawar ce ke yin rauni, shi ya sa za ku ga likita sarai amma shi yana ganin hotonku a daskare. A wannan gudun, ganawar minti 15 tana cin megabait 100 da ɗoriya a kowane ɓangare, wato 200 da ɗoriya gaba ɗaya. Kiran murya ta intanet ba ya kai megabait ɗaya a minti, kiran waya na yau da kullum kuwa ko data ba ya so. Hanyar da ta fi juriya ita ce ta aika-ka-jira: ma'aikaci ya rubuta bayani, ya haɗa da hotuna, saƙon ya tafi duk lokacin da sabis ya dawo, likita ya amsa cikin lokacin da aka ƙayyade. Jihar Minas Gerais ta Brazil da wannan hanya take karanta gwajin bugun zuciya na ƙananan garuruwa tun 2006: a ɗauka a ƙauye, likitan zuciya ya karanta a birni, sakamako ya dawo. Don haka ku jera su haka: aika-ka-jira don yawancin marasa lafiya, kiran murya don na gaggawa, bidiyo kuma idan akwai abin da dole sai likita ya ga motsinsa, kamar yadda yaro ke numfashi ko yadda mutum ke tafiya. Ko a nan ma, gajeren bidiyo na daƙiƙa 20 da aka ɗauka aka aika ya fi kiran da ke yankewa.

Inda ya kamata ku zuba yawan ƙoƙarinku shi ne saƙon da ake aika wa likita. A ce ma'aikaci ya rubuta: "Yaro yana zazzaɓi da tari, me za a ba shi?" Likita ba shi da abin yi da wannan sai dai ya dawo da tambayoyi goma, kuma kowace tambaya tana iya cin awa guda idan sabis na wasa. Ga yadda ya kamata ya kasance: "Namiji, wata 14, kilo 9. Zazzaɓi da tari kwana uku. Zafin jiki 39.1. Numfashi 48 a minti, an ƙirga minti ɗaya cif yana kwance shiru. Ƙasan ƙirji ba ya lotsawa. Oksijin 94. Yana shan nono, ba ya amai, bai yi jijjiga ba. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Awon dantse santimita 13. An ba shi farasitamol a gida. Muna da amoksisilin." Da wannan likita zai amsa cikin minti biyu. Ku mayar da shi fom mai shafi ɗaya, da gurabun da ba a tsallakewa: shekaru, nauyi, juna biyu ko babu, abin da ya kawo shi da tsawon kwanakinsa, awo biyar na jiki (zafin jiki, bugun zuciya, numfashi, hawan jini da oksijin), magungunan da yake sha, maganin da jikinsa ba ya so, sai kuma layi na ƙarshe wanda mutane ke mantawa, wato ainihin tambayar da ake yi wa likitan. Shin ana neman a san cutar ne, ko a gyara yawan magani, ko a yanke shawarar tura shi gaba?

Kayan awon ba su da yawa. Na'urar auna hawan jini mai madauri aƙalla girma uku, ma'aunin zafin jiki, na'urar auna oksijin ta yatsa tare da ta yara, na'urar gwajin sukari, sikelin manya da na jarirai, tef ɗin awon dantse, agogo mai daƙiƙa, tocila mai farin haske, kayan gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, juna biyu, fitsari da yawan jini, da na'urar sauraron bugun zuciyar ɗan tayi don ungozoma. Sai waya ko kwamfutar hannu mai kyamara mai kyau. Na'urar sauraron ƙirji ta zamani da ƙaramar na'urar sikanin suna da amfani, amma ku bar su sai tsarin ya zauna, domin suna son horo mai tsawo.

Abin tsoro a nan shi ne awon da ba daidai ba, domin likitan da ke nesa zai yarda da lambar da aka ba shi. Madaurin da ya yi wa hannu kaɗan yana nuna jini ya hau fiye da yadda yake, sai a ɗora wa mai ƙiba maganin da ba ya buƙata. Mutumin da ya sha doguwar tafiya a ƙafa kafin ya iso, a bar shi ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, hannunsa daidai da ƙirji, kada ya yi magana, a auna sau biyu. Na'urar oksijin tana ruɗewa idan yatsa ya yi sanyi, ko akwai jan farce, ko yaro yana motsi, ko an maƙala wa jariri ta manya. Akwai kuma matsalar da ya kamata kowa ya sani: wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna na'urar ta fi yawan ɓoye ƙarancin oksijin a masu baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da fararen fata. Saboda haka idan na'ura ta ce 93 amma mutum yana haki, yana kasa ƙarasa magana, a bi abin da ido ya gani. Tsinken gwajin sukari da na zazzaɓi suna lalacewa a zafi da danshi, a riƙa duba kwanan watansu, a rufe robarsu da zarar an ciri ɗaya.

Hoto ma yana da ƙa'ida. A ɗauka a hasken rana amma a inuwa, a kashe filasha saboda yana wanke launin fata. A yi guda uku: ɗaya daga nesa da zai nuna wane sashen jiki ne, ɗaya matsakaici, ɗaya kusa da rula a gefen ciwon don a san girmansa. A taɓa allo a kan ciwon kafin a ɗauka don hoton ya fito fes, a goge gilashin kyamara. Manhajojin hira irin su WhatsApp suna matse hoto, ƙananan alamomin kurji su ɓace, don haka a aika shi a matsayin fayil.

Wuta kuwa lissafi ne mai sauƙi. Kwamfutar hannu tana cin kamar wat 10, na'urar raba intanet wat 10, ƙwan fitila biyu wat 10, cajin sauran kaya wat 10. Wat 40 ke nan. Sau awa 10 ya zama wat-awa 400 a yini. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗaukar wat-awa 1,200, amma idan na dalma ne rabi kawai ake sha, in ba haka ba zai mutu da wuri, saura 600. Na litiyam ana iya shan kashi 80 cikin 100 ko fiye. Farantin sola mai wat 200, a wurin da ake samun awa huɗu zuwa biyar na rana mai ƙarfi, zai ba da wat-awa 550 zuwa 700 bayan an cire asara. Ya isa, amma idan kuna son ku jure kwana biyu na hadari sai ku ninka batirin. Idan da intanet na tauraron ɗan'adam za ku yi aiki, faifansa kaɗai yana cin wat 50 zuwa 75, don haka lissafin zai ninka fiye da sau biyu. Abubuwa uku ke kashe sola a irin waɗannan wurare: ƙurar da ba a gogewa, inuwar bishiyar da ta girma bayan an kafa, da jona wayoyin jama'a har batir ya ƙare kafin dare. Kuma kada a taɓa jona komai a solar firijin allurar rigakafi.

Kafin ku sayi komai na intanet, ku gwada layukan kamfanoni daban-daban a cikin ɗakin da za a yi aikin, safe da rana da dare, na tsawon mako guda. Sau da yawa eriya a kan dogon ƙarfe, an juya ta wajen turken sabis mafi kusa, tana magance abin da ake zaton sai tauraron ɗan'adam. Ku riƙe layi biyu na kamfanoni mabambanta.

Cututtukan da suka fi dacewa da wannan tsari su ne waɗanda ake bi a hankali: hawan jini, ciwon sukari, farfaɗiya, asma, cututtukan fata, kula da gyambo, bibiyar masu shan maganin tarin fuka da na ƙanjamau, awon ciki, duba mara lafiya bayan tiyata, da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda yawancin aikinta magana ce. Mai hawan jini da zai kashe yini guda a hanya don a ce masa ya ci gaba da maganinsa, shi ne ya fi kowa cin moriya, kuma shi ne ya fi saurin daina zuwa idan ba a sauƙaƙa masa ba. Idan akwai na'urar hoton ƙirji a kusa, tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da manhajojin da ke karanta hoton don tantance tarin fuka a masu shekara 15 zuwa sama.

Akwai kuma waɗanda ba a jiran amsar likita a kansu, kuma wannan jerin ya kamata ya kasance manne a bango. Yaron da ya kasa sha ko kama nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai. Oksijin ƙasa da 90. Jariri ƙasa da wata biyu mai numfashi 60 ko fiye a minti, ko zazzaɓi, ko sanyin jiki, ko ƙin shan nono. Mai juna biyu da jininta ya kai 160 bisa 110, ko take zubar da jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko naƙudar da ta ƙi ci gaba. Karkacewar baki da mutuwar ɓarin jiki farat ɗaya, inda maganin narkar da gudan jini ke aiki cikin awa huɗu da rabi kacal. Ciwon ƙirji mai danne mutum, cikin da ya ƙage ya yi tauri, saran maciji, sanƙarewar wuya da zazzaɓi. A irin waɗannan, a ba da taimakon farko da ƙa'idar ƙasa ta tanada, kamar atesunet na dubura ga yaro ƙasa da shekara 6 mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko magnesiyam salfet ga mai jijjigar juna biyu, a kira mota, sannan a kira likita ana kan shiri. Amfanin kiran a nan shi ne a sanar da babban asibiti su tanadi jini ko ɗakin tiyata kafin a iso. Babban haɗarin wannan tsari shi ne ya zama sanadin jinkiri, a zauna ana jiran saƙo ya tafi alhali da an kama hanya.

Shi ya sa maganar mota da magani take gaban maganar na'ura. Ba a fafe gora ranar tafiya: lambobin direbobi aƙalla uku, wanda zai biya mai, hanyar da ake bi idan ruwa ya yanke ta farko, da sunan wanda zai karɓi mara lafiya a can, duk a rubuce tun yanzu. Haka nan likitan ya riƙa samun jerin magungunan da ke cikin kabad ɗinku kowane mako. Idan ya rubuta maganin da sai an je birni za a samu, an mayar da mara lafiya kan tafiyar da aka ce za a rage masa, kuma jama'a ba sa daɗewa kafin su gane haka su daina zuwa.

Ɓangaren likitoci shi ne wanda aka fi yi wa sakaci. Tsarin da ya dogara da kirkin likita ɗaya yana tsayawa ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. A yi jadawali mai suna da awa, da na biyu idan na farko bai ɗaga ba. A yi yarjejeniya a rubuce: kiran gaggawa a amsa cikin minti 10 zuwa 15, saƙon yau da kullum cikin awa 24. A ware wa likitan lokacin a cikin aikinsa, ko a biya shi, domin wanda ke da layin marasa lafiya a gabansa ba zai duba waya ba. Ya kasance yana da lasisin aiki a ƙasar, kuma a fayyace wa ke ɗaukar alhakin hukuncin da aka yanke. Amsarsa ta zo a rubuce ko da an yi magana ta baki, musamman sunan magani, yawansa da kwanakinsa. Idan ta waya ce, ma'aikaci ya maimaita abin da ya ji kafin a kashe, domin a Turanci 15 da 50 suna kama da juna a layin da ke ƙara.

Ina ba ku shawara sosai ku ƙara zaman koyo na awa ɗaya a mako. A 2003 Dakta Sanjeev Arora na Jami'ar New Mexico a Amurka ya fara shirin ECHO, inda ma'aikatan karkara ke gabatar wa ƙwararru matsalolin masu ciwon hanta nau'in C ta bidiyo, ana tattaunawa kowa yana ji. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna waɗanda aka yi wa magani a karkara sun warke daidai da na asibitin jami'ar, kusan kashi 58 cikin 100 a kowane ɓangare. Ribar ita ce ma'aikacin da ya kawo matsala iri ɗaya sau biyar, a na shida ya san abin yi da kansa, kuma wanda ke jin yana ƙaruwa da ilimi ya fi daɗewa bai bar ƙauye ba.

Sirrin mara lafiya yana da nauyi a ƙaramin gari, inda kowa ya san kowa. A nemi izininsa kafin a ɗauki hoto ko a kira, a gaya masa wa zai gani, kuma yana da damar ƙi ba tare da an hana shi kulawa ba. A yi amfani da wayar asibiti mai makulli, kada hotunan jikin mutane su shiga wayar ma'aikaci inda 'ya'yansa ke wasa da ita. A sa lamba a maimakon suna, a kauce wa fuska sai dole, a goge hoton bayan ya shiga fayil. Kada a zuba bayanan mutane a zauren hira mai mutum talatin. Ɗakin ya kasance mai ƙofa, a rage ƙarar lasifika. Mata da yawa za su fi sakin jiki idan mace ce ke tare da su, wasu kuma sai likita mace. Idan likitan ba ya jin yaren mara lafiya, ma'aikacin ne zai fassara, kada a ɗora wa ɗan uwansa, domin akwai abin da mutum ba zai faɗa a gaban danginsa ba.

Kuɗin sayen kaya shi ne mai sauƙin samu. Na data, albashin likita, sauya batir da tsinken gwaji shi ne ke yankewa. Ruwanda ta ga haka. Kamfanin Babyl ya fara aiki a can a 2016 da ƙananan wayoyi marasa intanet, ya yi wa sama da mutum miliyan 2 rajista, amma da uwar kamfanin ta durƙushe a 2023 sai aikin ya tsaya. Don haka ku san wa zai biya kuɗin wata-wata na shekara uku kafin ku fara, ku tabbata bayanan marasa lafiyarku naku ne kuma kuna iya fitar da su daga manhajar kowane kamfani, ku kuma ci gaba da riƙe rajistar takarda.

Ku fara da abu ɗaya ko biyu, misali hawan jini da awon ciki, rana biyu a mako, na wata uku. A horar da dukkan ma'aikatan uku, kada a bar wa mutum ɗaya sanin na'ura. A ƙarshen kowane wata ku duba abu biyar a rajista: mutum nawa aka aika da bayaninsu, awa nawa amsa ke ɗauka, sau nawa sadarwa ta gaza, nawa suka samu maganin da aka rubuta a nan take, sannan cikin waɗanda aka tura babban asibiti nawa ne suka isa. Wannan na ƙarshen sai an bi shi da kira ko ziyara cikin kwana biyu, kuma a roƙi babban asibitin ya riƙa dawo da takarda mai faɗin abin da aka gano da maganin da za a ci gaba da shi a wurinku.